Sha Takwas ɗin Kam Fai

Tou Kam Fai direban bas ne, kuma duk tsawon shekarun da ya yi yana zaga titunan Macau ban taɓa jin wanda ya ce ya ga ya wuce motar da ke gabansa ba. In kana sauri ka faɗa bas ɗinsa, to ka gamu da gamonka. Zai tsaya wa tsohuwa ta hau, ya jira ta zauna, ya jira ta gyara kwandonta, sannan ya leƙa madubi ko da wata tana tafe a baya. Fasinjoji su yi ta tsaki, shi ko a jikinsa. Abincin ranarsa kullum ɗaya ne, taliya da romon kifi a shagon da ke ƙarshen layi, in kuma mai shagon ya ce yau akwai sabon girki sai ya ce, "Na jiya me ya yi?"

Ni sunana Ut Lan. Ta wajen matarsa na san shi, Pun Sio Ha, wadda nake kira Ha-je don ta girme ni. Tare muka yi aikin raba kati a gidan caca tun muna 'yan mata har ƙafafunmu suka ce sun gaji, kuma ƙofata tana kallon tasu a hawa na biyar na wani tsohon bene a Toi San, irin wanda ba shi da lifta. In cokali ya faɗi a ɗakinsu, a nawa ake jin ƙararsa. Don haka in na ce na san auren nan, ba a bakin wani na ji ba.

Ha-je teburin ashirin da ɗaya take riƙewa. Wasan ba shi da wani surkulle: kana so katunanka su fi na mai rabo kusa da ashirin da ɗaya, in ka zarce ka ƙone. Masu hoton mutum goma-goma ne. As kuwa, mai ɗigo ɗaya, shi ne ɗan lelen wasan, in ka so sha ɗaya ne, in ta matse ka ya koma ɗaya. Hannun da as yake tsaye a matsayin sha ɗaya shi muke ce wa hannu mai laushi, don kati ɗaya ba ya ƙona shi ko wane iri ne. Kuma a tebur ba a aiki da baki, saboda kyamarorin da ke sama ba su da kunne. Kana son ƙari, ka ƙwanƙwasa tebur da yatsa. Ya ishe ka, ka shafa iska a kan katunanka. In za ka ninka, sai ka tura kwatankwacin abin da ka sa, a ba ka kati ɗaya tak, daga shi babu ƙari.

Ita mai rabo ba ta da zaɓi ko na anini. Ƙasa da sha bakwai dole ta ja, daga sha bakwai dole ta tsaya, kuma ba ta da ikon ba kowa shawara, ko da uwarta ce ta zauna a gabanta. Ha-je ta iya daskarar da fuska fiye da kowa a cikinmu. Hannunta ne kawai bai da tarbiyya. In tana bin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya tana nuna katunan kowa, ta iso kan wanda ya kamata ya ninka, sai hannun ya ɗan yi nauyi a wurin, kamar numfashi ɗaya, kafin ya wuce. An kira ta ofis a kan wannan ba sau ɗaya ba, ta rantse ba ta san tana yi ba. Ni na yarda da ita.

Wannan hannun ne ya jawo mata miji. Wata sabuwar shekara abokai suka ja Kam Fai gidan caca, da jan ambulan ɗin kuɗin barka da shekara da goggonsa ta ba shi, irin wanda ake ba marasa aure, tun da har lokacin gwauro ne. Ya zauna a teburinta, aka ba shi as da bakwai, sha takwas mai laushi. Ita kuma katinta shida. Duk wanda ya san wasan ya san babu katin da mai rabo ta tsana kamar shida, don goma na biyo ta ta zama sha shida, dole ta sake ja, kuma yawanci a nan take ƙonewa. A irin wannan ake ninkawa. Masu tsaye a bayansa suka hau ihu, "Ninka! Ninka mana!" Hannun Ha-je ya yi nauyinsa. Kam Fai ya kalli hannun, ya ɗaga kai ya kalli mai hannun, sannan ya shafa iska. Ta ja, ta ƙone, ya kwashi ɗan abin da ya samu ya tashi, bai ko jira a sake rabawa ba.

Bayan 'yan kwanaki ta tashi daga aiki da safe, ta shiga bas, sai ga shi a kan sitiyari.

Ta ce, "Kai ne mai sha takwas ɗin nan."

"Ni ne. Na ci ko ban ci ba?"

"Ka ci rabin abin da ya kamata ka ci."

Ya ce, "Rabin zai sayi taliya kwano biyu. Kina ci?"

Daga ranar bai sake taka gidan caca ba, amma wasan ya bi su gida. Duk Lahadi bayan abincin rana Ha-je za ta shimfiɗa tsohon bargo kore a kan teburin cin abinci, ta zubo gyaɗa mai ɓawo a madadin kuɗi, ta tsaya a tsaye kamar tana bakin aiki, don ta ce ba ta iya rabo a zaune. Ni da shi ne 'yan wasa, daga baya 'yarsu Lai Peng ta girma ta zama ta uku. Kuma a faɗi gaskiya, Kam Fai ɗalibi ne mai jin magana. Ta ce ya ninka a kan sha ɗaya, ya koya. Ta ce kada ya ja a kan sha uku in tana riƙe da ƙaramin kati, ya koya. Komai ya ɗauka, ban da abu guda.

"Tsoho, as da bakwai ne fa, ga ni da shida. Me na ce maka?"

"Kin ce a ninka."

"To?"

Sai ya shafa iska.

"Ba za ka ƙone ba! Ko me ya zo ba za ka ƙone ba, sau nawa zan faɗa?"

"In biyar ta zo fa? Na koma sha uku. Na zubar da sha takwas da hannuna, ina ji ina gani."

"Ai ni ce a bakin rami, ba kai ba!"

"To ki faɗa abinki ke kaɗai, me zai kai ni leƙe?"

Ni Fai-go nake kiransa. Nakan sa baki in ce, "Fai-go, wannan ba haƙuri ba ne, tsoro ne." Sai ya ɓare gyaɗa ɗaya daga cikin jarinsa ya jefa a baki, ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Ha-je ta ce an ji, shi ya sa har yau yake da takalmi ƙafa ɗaya. Lai Peng tun tana ƙarama ta haddace wannan faɗan, har takan riga su faɗin maganar da za ta biyo baya, uwar ta jefe ta da ɓawon gyaɗa.

Gaskiya tana wajen Ha-je, wannan ba abin gardama ba ne. Na ga hannun nan an raba shi sau ba adadi, kuma wanda yake ninkawa shi ke kan gaba in tafiya ta yi nisa. Amma ka je ka gaya wa Kam Fai. Haka yake a komai. Lokacin da manyan gidajen caca suka tsiro a Cotai, direbobi suka yi ta gudu can don an fi biya, shi ya zauna a layinsa. Lokacin da Ha-je ta ƙwallafa rai a kan su sayar da ɗakunan nan su koma sabon bene mai lifta a Taipa, ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi mako ba ta dafa masa miyar da yake so ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Wannan gidan me ya yi?" Ni kaina ya sha ba ni haushi, har na taɓa ce mata ni da ni ce da tuni na tura shi ta taga. Ta ce ta gwada, tagar ce ta yi ƙanƙanta. Amma ban taɓa ganin ya hau benen nan ba tare da ya riƙo mata wani abu a leda ba, ko da lemo biyu ne, kuma ban taɓa ganin ta ci abincin dare kafin ya dawo ba.

Sun yi ritaya, suna zaman lafiyarsu, sai wata safiya ya faɗi a matakalar kasuwa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke ɗungurungum. Da aka sallamo shi daga asibiti, ƙarti ne suka hau da shi a kan kujera, aka ajiye shi a bakin taga. Ido biyu yake, yana haɗiye kunun shinkafa in an ba shi, amma ka kira sunansa ba zai juyo ba. A asibiti sun nuna masa hotuna, wai ya nuna kofi, ya nuna kare, ya kau da kai. Ha-je ta ce ita ma da ita ce kau da kai za ta yi, dattijo guda a ce ya nuna kare.

Lai Peng tana aure a Zhuhai, tsallaken iyaka. Ta samo gidan kula da tsofaffi kusa da ita, a ƙasa yake ba hawa, ga lambu, ga masu jinya. Kada wani ya ce muguwar 'ya ce. Ta ga bayan uwarta yana lanƙwashewa wajen ɗaga shi da kwantar da shi, ta ga yadda take haki a matakala.

Ta ce, "Mama, Baba bai san inda yake ba. In bai sani ba, can da nan duk ɗaya ne a wajensa. Ke ce ba ɗaya ba ne a wajenki."

Ha-je ta ce, "Ya sani."

"To in ya sani, na rantse ba zan taɓa shi ba, mutumin da ko Taipa ya ƙi komawa. Amma ki nuna min."

An ce za a riƙe musu gurbi a gidan tsofaffin har bayan sabuwar shekara. Wa'adin ke nan, kuma duk mun san shi.

Ni ce na ga Ha-je ta ciro bargon kore. Ta ja tebur zuwa gaban kujerarsa, ta zuba masa gyaɗa ta hagu, ta raba. Shiru. Ta sake rabawa, shiru. Can sai yatsan hagunsa ya ɗaga ya sauka a kan bargon. Na dafe ƙirji. Ta ba shi kati, ya shafa iska. Kafin mako ya zagayo yana wasa kamar da, har yana tura gyaɗa da bayan hannu in ya samu sha ɗaya. Ha-je ta buga wa 'yarta waya, ta ce ta zo ta ga ubanta.

Lai Peng ta zo, ta zauna, ta yi kallo tsawon yini. Ba uban take kallo ba. Yarinyar da ta girma a gindin teburin nan ta san inda ake kallo.

Ta ce a hankali, "Mama, hannunki yake bi. In yana bukatar kati hannunki ya tsaya, in ba ya bukata kin fara janyewa tun bai motsa ba. In na ninkawa ne kuwa har yatsunki karkata suke wajen gyaɗar. Goggo Lan, ke ki faɗi gaskiya."

Na so in yi ƙarya, amma ni ma na gani. A gida hannun nan ya fi sakewa fiye da a wurin aiki, kusan magana yake yi. Na ce to a ba ni ni in raba. Na raba, Kam Fai ya juya fuskarsa ga taga, ko yatsa bai ɗaga ba. Ha-je ta ce ai bai taɓa son rabona ba, wai ina jefa kati kamar mai watsa wa kaji tsaba. Babu wanda ya yi dariya. Ranar na koma ɗakina na yi kuka, don ni kaina na fara yarda cewa Fai-go ya tafi, jikinsa ne kawai ya rage yana bin hannun da ya saba da shi.

Rana ta uku ga sabuwar shekara Lai Peng ta zo da babbar jaka. Ana ta fasa knockout a bakin ruwa, unguwa duk warin hayaƙi da turaren tsinke. Ta ninke rigunan ubanta, ta sa maganinsa a gefe, tana yi tana kauce wa idon uwarta. Da aka ci abincin rana Ha-je ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "Ai dai a yi na ƙarshe." Ta miƙo min katunan in cakuɗa, don kada a ce ta shirya wani abu. Na cakuɗa har yatsuna suka yi zafi.

Aka yi ta yi, ba wani abin a zo a gani. Ya ci, ya faɗi, ya ci. Lai Peng tana zaune a kan jakar tana duba agogo. Sai ga as ya sauka a gabansa. Ha-je ta ajiye nata, shida. Ta ba shi na biyu, bakwai.

Lai Peng ta daina duba agogo.

Hannun Ha-je ya tsaya a kan katunan, ba numfashi ɗaya ba, ba biyu ba, yatsun sun karkata wajen gyaɗar. A tunaninta, in ya yi abin da yake daidai a hannu mai wuya irin wannan, 'yarta za ta yarda da sauran hankali a kansa. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta a tebur ba ta taɓa buɗe baki ta ba ɗan wasa shawara a tsakiyar rabo da gaske ba, sai dai faɗan Lahadi, ranar roƙo ta yi.

"Ninka, tsoho. Don girman iyayenka ka ninka, ka nuna wa yarinyar nan kana nan."

Hannun hagunsa ya taso a hankali, ya nufi tulin gyaɗar, ya sauka a kai. Na ga Lai Peng ta runtse ido, don abin da ta faɗa ne yake faruwa. Amma bai tura ba. Ya kalli hannun matarsa. Ya ɗaga kai da ƙyar ya kalli mai hannun. Sannan ya janye nasa daga kan gyaɗar, ya kai shi bisa as da bakwai, ya shafa iska. Ya sake shafawa, ko da wani bai gani ba. Ɓarin bakinsa mai rai ya ɗan ɗaga sama.

Ha-je ta saki hannunta ya sauka. Ta ɗauka shi ke nan, ya kasa.

Lai Peng ce ta fara ganewa. Ta miƙe daga kan jakar, hannu a baki, ta ce, "Ya ƙi. Goggo Lan, kin gani? Hannunta ya ce ya ninka, bakinta ya ce ya ninka, ya ƙi!" Ta durƙusa a gaban kujerar ta kama gwiwarsa tana dariya tana kuka. "Baba! Kai ne, mai taurin kan tsiya, kai ne!"

Sai a lokacin abin ya isa kan Ha-je. Na ga fuskar nan da ba ta taɓa motsi a bakin aiki ba ta narke gaba ɗaya. Amma da ta buɗe baki, faɗa ne ya fito.

"Kun ga jakin nan ko? An kai ka asibiti, an buɗe kanka an duba, ba a samu wanda ya zuba maka hankali ba? Ina da shida! Shida!"

Tana faɗa hawaye na ɗiga a kan bargon, kuma ko a hakan ba ta bar rabo a tsakiya ba. Ta ja wa kanta kati, wanda da ya ninka shi za a ba. Uku ce. Ta ɗaga ta har gaban hancinsa.

"Duba! Uku! Da yanzu kana da ashirin da ɗaya cif!"

Ta sake ja, goma ta zo, ta tsaya a sha tara. Ya faɗi. Ta kwashe gyaɗarsa da gefen hannu kamar yadda aka koya mana, ko ƙwaya ba ta bar masa ba. Shi kuwa ya ɗaga kafaɗarsa mai lafiya ya sauke. Tun da nake ban taɓa ganin an yi murnar faɗuwa irin ta ranar ba, ni kaina har da tafi, hali dai zanen dutse.

Lai Peng ta buɗe jakar ta mayar da rigunan cikin kabad ɗaya bayan ɗaya. Ta ce za ta nemo mai zuwa da safe ta taya ɗagawa da wanka, kuma a wannan ba ta son gardama. Uwar ta ce ta ji. Na dafa shayi, muka zauna, Ha-je tana ɓare gyaɗar da ta ci tana daka masa ita a cikin kunu.

Can Lai Peng ta ce, "Amma Mama, ko don bayanki, bari in duba muku gida mai lifta. A Taipa ma akwai, inda kika daɗe kina so."

Ha-je ba ta ko ɗago ba, tana juya cokali ta ce, "Wannan gidan me ya yi?"

Sai da ta faɗa ta ji abin da ta faɗa. Ta harare ni tun kafin in buɗe baki, ta ce in na kuskura na yi dariya ba zan sake shan shayi a ɗakinta ba. Na dubi Fai-go. Hannunsa na hagu yana kan bargon, yana ƙwanƙwasawa da yatsa a sake rabawa.